Sun haddace sau, amma tambaya ta zo da labari sai aji ya yi tsit

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar firamare da ke Rigasa, nan Kaduna. Hausa da Islamiyya na karanta a NCE, amma da aka ɗauke ni aiki sai aka damƙa mini aji huɗu gaba ɗayansa, har da lissafi, darasin da ban taɓa jituwa da shi ba tun ina 'yar makaranta. Yarana sun haura saba'in. Idan na ce su rera sau, daga biyu har sha biyu, sai makaranta ta ɗauka. Amma da zarar tambaya ta zo da labari cikin Turanci, sai aji ya yi tsit. Na rubuta musu kalmomin lissafi na Turanci a allo, su furodak da koshan da dibaiza da rimainda, kowace da ma'anarta. Sun kwafa, sun haddace, ranar gwaji kuma kamar ba a yi ba. Hedimasta ya hana mu yin Hausa a aji, ya ce jarrabawar shiga sakandare ba da banakula ake rubuta ta ba. Na wayi gari ina ɗaga bulala a kan yaran da nake ƙauna, in koma gida in kasa barci. Makon jiya wani uba ya zo har ƙofar aji ya ce mini a gaban yara ban iya koyarwa ba. Anti, ina tunanin ajiye aikin in kama sana'a. Me kike gani?

Daga wata malama, Rigasa.

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ajiye aikin, bulalar za ki ajiye. Na fara da wannan ne domin duk abin da zan faɗa miki ba zai yi tasiri ba a ajin da yaro ke kallon hannunki maimakon allo. Yaron da ke jin tsoro ba ya tunani, canka yake yi, ya jefo duk lambar da ta zo bakinsa don a wuce kansa. Rashin barcin da kike yi kuwa shaida ce cewa zuciyarki tana tare da yaran nan, kuma irinku ake nema a aji. Ba ma son rasa ko ɗaya daga cikinku.

Kafin ki yanke wa kanki hukunci, ga ɗan gwaji. Cikin waɗanda suka fi faɗuwa, ki nemi yarinyar da ke ɗaukar talla bayan an tashi, ko yaron da ke tsare wa babansa shago. Idan an fita tara ki kira ta gefe, ki ce da ita da Hausa, "Awara hamsin-hamsin ce, mutum ya ce a ba shi guda shida, nawa zai biya?" Ki zuba mata ido. Za ta ɗan kalli sama, leɓenta na motsi, tana lanƙwasa yatsu bibbiyu: ɗari, ɗari biyu, ɗari uku. Sai ki ƙara, "To ya miƙo ɗari biyar ya ce a ba shi ta duka fa?" Kafin ki rufe baki ta ce guda goma. Ta yi miki 6 × 50, ta yi miki 500 ÷ 50, lissafin da in kin rubuta shi a allo za ta rantse ba a taɓa koya mata ba.

Abin da ke faruwa a ajinki ke nan. Abu uku ne zaune a kan yaro ɗaya ba su san juna ba: lissafin da yake yi a shago da bakin titi, waƙar sau da yake rerawa da safe, da kalmomin Turancin da ya kwafa a littafi. Ma'anar da kika rubuta a allo ba za ta haɗa su ba, domin ita ma da Turanci take. An bayyana masa kalma ɗaya da bai sani ba da wasu biyar da bai sani ba. Aji huɗu kuma dama wuri ne mai santsi. Nan littafi ke fara kawo tambayoyi masu dogon labari, nan kuma aka daɗe ana juya harshen koyarwa zuwa Turanci. An ɗora wa yaro tulu biyu a ka lokaci guda, sabon lissafi da sabon harshe, dole ɗaya ya zube, sau da yawa ma duka biyun.

Ki fara da hannu. Ki sa yara su tattaro miki murafun kwalbar lemo, a wurin masu shago da gidajen biki ba sa wuyar samu. Ƙwallon dabino ko tsakuwa ma sun wadatar. Ki wanke su, ki zuba guda 24 a kowace leda, leda ɗaya ga benci ɗaya. Na zaɓi 24 ne saboda tana rabuwa cif gida biyu, gida uku, huɗu, shida, takwas da sha biyu, za ki yi makonni kuna juya ta ba ta ƙare muku ba. Sai ki ce, "Ku yi mini kashi huɗu, uku-uku." Babu ɗan Rigasa da zai tsaya tambayar me kike nufi, kullum yana ganin mai tumatur da mai dankali suna kasa kayansu a bakin hanya, in ya bi mahaifiyarsa cefane Bakin Dogo ma abin da zai gani ke nan. Idan sun kasa, ki yi musu tambaya uku, kullum su, kullum a jere. Kashi nawa ne? Nawa-nawa ne a kowane kashi? Duka nawa ke nan? Su amsa: kashi huɗu, uku-uku, duka goma sha biyu.

Ki riƙe tambayoyin nan uku gam, domin mafi yawan ninkawa da rabawar firamare a cikinsu take. Tambayar jarrabawa tana ba yaro amsar biyu ne ta ɓoye ta ukun. In "duka nawa" aka ɓoye, sau ake nema. In "nawa-nawa" ko "kashi nawa" aka ɓoye, rabawa ce. Manyan kalmomin da suka hana ki barci kuwa sunayen waɗannan gurabun ne kawai. Furodak shi ne "duka" idan ta hanyar sau aka same shi. Wannan "duka" ɗin dai, idan shi za a raba, sai a kira shi dibiden. Dibaiza shi ne wanda aka ba ka cikin sauran biyun, koshan kuma wanda ka gano. Yaron da ya san gurabun da hannunsa, laƙaba musu suna ba zai ba shi wahala ba.

Bayan hannu sai baki. Kowane yaro ya juya ga na kusa da shi ya faɗi magana cikakkiya, ba lamba tsirara ba: "Na yi kashi huɗu, uku-uku, duka goma sha biyu." Aji zai yi hayaniya, ki bar shi, hayaniyar aiki ce. Daga nan su zana a littafi, da'ira huɗu kowace da ɗigo uku. Sai a ƙarshe ki rubuta 3 × 4 = 12 a ƙarƙashin zanen. Wannan jeri, daga abin taɓawa zuwa zane zuwa alama, shi ne abin da masanin ilimi Jerome Bruner na Amurka ya bayyana a 1966, kuma a kansa Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare. Ko a tarihi ma alamar daga baya ta zo. Alamar sau ta bayyana a littafin William Oughtred a Ingila a 1631, ta rabawa kuma a littafin Johann Rahn a 1659, alhali mutane sun shafe dubban shekaru suna ninkawa suna rabawa kafin nan. Babu dalilin da zai sa a aji alama ta riga aiki.

Akwai wani ɗan ƙulli a "sau" da ya kamata ki warware wa kanki tukuna. Idan Bahaushe ya ce uku sau huɗu, uku ce ake maimaitawa har sau huɗu, wato kashi huɗu, uku-uku. Littattafan Turanci da yawa akasin haka suke karanta 3 × 4, su ce kashi uku, hurhuɗu. Ki tsaya a kan karatu ɗaya har ya zauna, sannan ki shigo da kiret ɗin ƙwai wanda babu komai a ciki. Gurbi talatin ne da shi, layi biyar, shida-shida. Su ƙirga. Sai ki juya shi a gabansu, ya koma layi shida, biyar-biyar. Ki tambaye su ko an ƙara gurbi ko an rage. Ba sai kin yi dogon bayani ba, sun gani da idonsu cewa shida sau biyar da biyar sau shida duk talatin ne. Wata 'yar shawara kuma a nan: a darasin lissafi ki riƙa cewa "haɗa" maimakon "tara", domin a kunnen yaro tara lamba ce, kuma lokacin fita cin abinci ce.

Rabawa ita ce inda nake so ki fi daɗewa, don a nan aka fi yi wa yara gaggawa. Iri biyu ce, alama ɗaya kuma ake rubuta musu, shi ya sa yara ke rikicewa. Ta farko rabon gida: ga dabino goma sha biyu, ga yara uku, a raba musu daidai wa daida, nawa-nawa za su samu? Yaro zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kai ɗaya, ke ɗaya, kai ɗaya, har dabinon ya ƙare. Ta biyu rabon kasuwa: ga dabino goma sha biyu, a ƙulla uku-uku a leda, leda nawa za a samu? A nan ba ya bin mutane, ɗibar uku yake yi ya ajiye gefe, ya sake ɗibar uku, sannan ya ƙirga kashin. Duka biyun 12 ÷ 3 = 4 ne, amma huɗun farko dabino ne, huɗun biyu leda ce. Yawancinmu ta farkon kaɗai muke koyarwa, sai ranar jarrabawa ta biyun ta fito, yaro ya duba bai ga mutanen da za a raba wa ba, ya ce wannan ba rabawa ba ce. Ki ba kowace kwanakinta da murafun nan. Ki kuma saba musu da hanyoyi biyu na faɗinta: "sha biyu a raba gida uku" da "uku cikin sha biyu sau nawa?" Ta biyun nan tana da daraja ƙwarai, domin ita ke nuna wa yaro cewa amsar rabawa tana cikin waƙar sau da ya riga ya haddace. Tana kuma shirya shi ga Turanci, wanda shi ma wani lokaci da babbar lamba yake farawa, wani lokaci da ƙaramar. Yaron da bai san haka ba yakan rubuta lambobin yadda suka zo masa a jimla, ki ga 3 ÷ 12 a inda ake nufin 12 ÷ 3.

Saura kuwa, wato rimainda, kalma ce da yara suka sani tun daga gindin murhu, amma abin da ake yi da ita ya danganta da labarin. Ɗauki 14 ÷ 4, uku saura biyu. Mata goma sha huɗu za su tafi biki Tudun Wada, kowane Keke Napep ya ɗauki huɗu, keke nawa za a tsayar? Huɗu, domin ba za a bar mutum biyu a titi ba. Tela a Kasuwar Barci yana da yadi goma sha huɗu, kowane ɗinki yana cin yadi huɗu, ɗinki nawa zai fitar? Uku, yadi biyun ya ajiye. Lemo goma sha huɗu ga yara huɗu fa? A kawo wuƙa, kowa ya sami uku da rabi. Lissafi ɗaya, amsa uku. Ki ba su waɗannan su yi gardama a kansu benci-benci. Ranar da kika ji yaro yana ce wa ɗan'uwansa "ai ba a raba mutum biyu", ya fahimci saura fiye da wanda ya haddace ma'anarta.

Yanzu Turancin. Kada ki shigo da kalma sai abin da take nufi yana kan benci a gabansu. Murafu biyu sun rage bayan rabo, ki nuna su da yatsa ki ce, "Waɗannan saura ne, da Turanci rimainda." Su taɓa, su faɗa. Gobe ki ce, "Kowa ya ɗaga mini rimainda ɗinsa sama." Kalma ɗaya ko biyu a rana sun isa. Ki sami bayan tsohuwar kalanda ko kwalin taliya, yara su rubuta kalmar, su yi zanen, su sa misali da lamba, a manna a bango. Wanda suka yi da hannunsu sun fi kallonsa a kan wanda aka sayo.

A ganina ma ba manyan kalmomin ne suka fi kayar da yara ba. Su dibaiza da dibiden za su iya jira zuwa gaba, ba kasafai ake gina tambaya a kansu ba. Ƙananan nan ne da ke ɓuya a tsakiyar jimla: ta Turancin da ke nufin "kowane", da mai nufin "daidai wa daida", da "gaba ɗaya", da "ya rage", da "ninki biyu". Ki buɗe littafin da kuke amfani da shi, ki bi tambayoyin babin sau da rabawa da fensir, ki ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ke maimaituwa. Za ki ga ba su da yawa, su za ki fara koyarwa. "Ninki" yana buƙatar kulawa ta musamman, domin yara suna haɗa "ya fi shi da uku" da "ya ninka shi sau uku". Ki ba yaro ɗaya murafu huɗu, ki ce wani ya fi shi da uku, wani kuma ya ninka shi sau uku, su jera bakwai kusa da goma sha biyu su ga tazarar.

Amma ki guji wata dabara da ke yawo a wuraren lesin, inda ake ce wa yaro in ya ga kalma kaza ya haɗa, in ya ga kaza ya ɗebe, in ya ga kaza ya raba. Tana aiki a tambaya biyu ta kayar da shi a ta uku. A ce kwali shida, kowanne da sabulu goma sha biyu, gaba ɗaya nawa? Yaron da aka koya wa cewa "gaba ɗaya" haɗawa ce zai rubuta 18 cikin natsuwa, alhali amsar 72 ce. Dabarar tana koya masa ya daina karanta labarin, ya riƙa farautar kalma. Maganinta shi ne kafin kowa ya taɓa biro, a faɗi labarin da baki, a yi tambayoyin nan uku, a gano wacce aka ɓoye. Wani lokaci kuma ki juya abin: ki rubuta 6 × 4 ko 20 ÷ 5 a allo ki ce kowane benci ya ƙirƙiro labarinsa. Babu gwajin da ya kai wannan nuna miki wanda ya gane. Da farko su faɗa da Hausa, a hankali ki taimaka musu su mai da shi Turanci.

Waƙar sau kada ki yar da ita, dukiya ce, sai dai a sa ta aiki. Daga ɗaya zuwa goma gida ɗari ne a jadawalin. Da yaro ya gane darasin kiret ɗin ƙwai, sun koma 55. In aka cire na ɗaya da biyu da biyar da goma, waɗanda kusan kowa ya iya saboda ƙirgar kuɗi, saura 21 kacal, kuma su ma ana iya gano su. Wanda ya manta bakwai sau takwas ya ɗauki bakwai sau huɗu, 28, ya ninka, 56. Wanda ya manta shida sau tara ya ɗauki sittin ya cire shida. Ki daina tambayarsu a jere kullum, ki riƙa tsallake. Ki kuma riƙa tambaya ta baya: "Ashirin da huɗu, nawa sau nawa?" Wannan benci ya ce huɗu sau shida, wancan ya ce uku sau takwas, wani ya ce biyu sau sha biyu. Ki rubuta lambobin duka a allo, sannan ki ce musu waɗannan su ake kira fakto na 24. In kuma suna ƙirga hurhuɗu, huɗu, takwas, sha biyu, sha shida, ki gaya musu su ne maltiful na huɗu. Minti goma kowace safiya ya fi awa guda ranar Juma'a.

Yawan yaran ba zai ba ki damar zagaya kowa ba, don haka ki naɗa jagora a kowane benci, kuma kada ki zaɓi masu ɗaukar na ɗaya kaɗai. Mai awarar nan ki ba ta benci, za ki sha mamakin yadda za ta miƙe. Tunda Kaduna ce, ba mamaki akwai yaran da a gida Gbagyi ko Fulatanci ko Nufanci ko Yarbanci suke yi. Ki tambaye su yadda ake cewa "saura" ko "raba" a gidansu, a rubuta a kwalin bangon. Misalanki ma ki ɗauko su daga abin da kowa ya sani, kasuwa da keke da kuɗin tara.

Batun hedimasta, ki je masa da ladabi, kuma ki sani damuwarsa tana da tushe. Jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantun gwamnatin tarayya, irin wadda ke Malali, da Turanci take, iyaye kuma shi za su tuhuma. Kada ki je da hujjar doka, don ita kanta ta sha juyawa. Tsarin ilimi na ƙasa tun daga 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsu kafin a koma Turanci. A Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a kai hakan har aji shida, a Nuwamban 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da janye shi. Ki je masa da abin da zai gani. Ki shirya tambaya biyar da Turanci yara su amsa, bayan kwana biyu ki karanta musu irinsu da Hausa, lambobi kaɗai kika canza. Ki kai masa takardun biyu ki ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na gani, ina neman shawararka." Gani ya kori ji. Ki bayyana masa cewa ba darasin za ki mayar Hausa ba: bayani ne da Hausa, kowane darasi kuma da kalmar Turanci da jimlar Turanci zai ƙare, rubutun littafi ma da Turanci. Ki roƙe shi zango ɗaya na gwaji. In ya nuna yana son ƙarin bayani, ki ambata masa aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya ba, har a Turancin kansa. In duk da haka ya ƙi, murafu da zane da kiret ba su da harshe, babu wanda zai hana ki su, kuma yara za su yi wa juna bayani a benci da harshen da suka iya.

Shi kuma uban, abin da ya yi a gaban yara bai dace ba, ya kamata hedimasta ya sani, domin kare mutuncin malami a gaban ɗalibansa aikinsa ne. Amma kada ki riƙe shi a zuci, kuma kada ki bari ya shafi ɗansa ko kaɗan. Mutumin da ya bar harkarsa ya tako har makaranta ya damu da karatun yaron, irin wannan ana iya mai da shi abokin aiki. Ki aika masa ta hannun hedimasta cewa kina son ganinsa a ofis. Ki nuna masa inda ɗansa yake da inda kike son kai shi, ki ba shi aiki: in zai aiki yaron shago, ya sa shi ya faɗi kuɗin da canjin kafin ya fita. In ana rabon nama ko ƙosai a gida, a bar yaron ya raba ya faɗi nawa-nawa da saura. Ko iyayen da ba su yi boko ba za su iya wannan.

Karatun da kika yi kuma kada ki raina shi. Wadda ta karanta Hausa ta san yadda ake koyar da kalma, abin da ajinki ke buƙata ke nan. Wadda ta karanta Islamiyya kuma ta daɗe da shiga rabawa ba ta lura ba. Rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni suna cikin ayoyin gado, aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i. Zakkar kuɗi ɗaya cikin arba'in ce. Izu sittin in ana karanta bibbiyu kullum, kwana talatin an sauke. Malamanmu na zaure sun yi zurfi a hisabi saboda irin waɗannan, har ƙasar nan ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan murabba'in lambobi, wato hatimin da lambobin kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Inda kika ji ƙafarki ba ta tsaya ba, kamar doguwar rabawa, ki zauna da malamin aji shida ya nuna miki kafin ki shiga aji, babu abin kunya a ciki. In kina son ƙarin karatu, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta tana nan Kaduna kan hanyar Zariya, kuma karatunta an tsara shi ne don malamin da ke bakin aiki.

Cikin saba'in ɗin nan za ki tarar da wasu da matsalarsu ta riga sau da rabawa: ba su gama gane goma-goma da ɗai-ɗai ba, ko ba su iya karanta jimlar ba sam, ko da Hausa ce. Ki gano su da wuri, ki matso da su gaba. Su tsinken tsintsiya za ki ba su, a ɗaure goma-goma da kyauro, su yi ta ƙirga suna kwancewa suna ɗaurewa yayin da sauran ke aikin murafu. Ki rubuta sunayensu ki ba hedimasta tun yanzu, don kada a jira sai sakamakon ƙarshen zango ya fito a ce ba a sani ba. Allah ya dafa miki, ƙanwata, ya sa albarka a cikin yaran.